Tarihin Rigimar Halo: Kowa Ya Fara Daidai, Ko Kowa Ya Zo Da Guzurinsa?

 Yau zan ɗan kauce daga maganar kasuwa da zaman unguwa da muka saba, in taɓo wani abu da na san dattawanmu za su ce shiririta ce, wato wasan gem. To amma ƙannenmu a cikinsa suke wuni, kuma a ƙasashen da ake ƙera shi sana'a ce ta biliyoyin daloli, wadda manyan mutane ke zama su yi musu a kanta kamar yadda muke yi kan farashin buhun wake. Wasan da zan yi magana a kai sunansa Halo. Tun shekarar 2001 ake buga shi, kuma tun daga lokacin masu bugawa da masu ƙerawa ke jayayya kan tambaya guda: idan mutane za su kara a fili ɗaya, shin kowa ya fara da abu iri ɗaya, ko kuwa kowa ya shigo da guzurinsa daga gida? Ni dai ina tare da na farko, kuma zan bi tarihin daki-daki don mai karatu ya ga dalilina.

Asalin Abin

Kamfanin Bungie ne ya ƙirƙiro Halo. Ƙaramin kamfani ne da aka kafa a birnin Shikago na Amurka a 1991, kuma a farko yawancin wasanninsa na kwamfutocin Apple ne. Hasali ma Steve Jobs ne da kansa ya gabatar da Halo ga jama'a a taron Macworld na watan Yulin 1999. Sai ga shi a shekarar 2000 Microsoft ya saye Bungie ɗungurungum, domin yana shirin fito da na'urar wasansa ta Xbox, yana neman wasan da zai sa mutane su saye ta. Ranar 15 ga Nuwamban 2001 aka fito da na'urar tare da Halo.

Labarin cikinsa ƙage ne irin na kimiyya. An kai shekara ta 2552, 'yan Adam sun bazu a duniyoyi, wasu halittu da ake kira Covenant sun taso su a gaba, sai wani soja mai sulke, Master Chief, ya tare musu. Mai wasa yana kallon fili ta idon sojan, bakin bindiga kawai yake gani a gabansa. Wannan shi ne ɓangaren labari, wanda mutum ke karawa da kwamfuta. Amma abin da ya raya Halo shi ne ɗaya ɓangaren, inda mutum ke karawa da mutum, jajaye da shuɗɗa, ko a yi rige-rigen kai kisa 50, ko a sato tutar abokan gaba a kawo gida. A kan wannan ɓangaren duk rigimar take.

Dokokin 2001

Ba Bungie suka fara irin wannan wasa ba. Doom na 1993 da Quake na 1996 sun riga sun koya wa masu kwamfuta harbin juna, GoldenEye 007 na 1997 kuma ya raba allon talabijin gida huɗu, mutum huɗu suna wasa lokaci guda. Abin da Bungie suka yi shi ne taƙaitawa. A Quake kana iya jibge makamai tuli a jikinka. A Halo biyu kawai za ka riƙe, in ka ga na uku sai ka yar da ɗaya. Suka ba gurneti maɓallinsa, suka ba duka da gindin bindiga nasa maɓallin, ta yadda kowane faɗa ya tsaya kan duwatsun murhu uku: harbi, jifa da duka. Sannan suka sa wa sojan garkuwa mai cika kanta in ya samu ya laɓe na 'yan daƙiƙu. Saboda haka wanda ya fara ganinka ba lallai ne ya kashe ka ba, kana da damar juyowa ka rama.

Babbar dokar kuwa ita ce wannan: kowa yana faɗowa fili da makami iri ɗaya, da gudu iri ɗaya, da rai iri ɗaya. Manyan makamai, irin su roka da bindigar harbi daga nesa da abin ɓata da ƙarin garkuwa, suna ajiye a wurare sanannu cikin filin, kuma in an ɗauke sukan sake fitowa bayan ƙayyadadden lokaci. Ke nan wasan ya zama na lissafi. Wanda ya san roka za ta dawo nan da rabin minti, shi zai tara abokansa su kama wurin. Wanda ya ɗauka bai fi ka komai ba illa ya riga ka isa, kuma in ka kashe shi rokar ta zama taka.

A lokacin babu hanyar intanet a wasan, domin sai a Nuwamban 2002 aka buɗe Xbox Live. Don haka dole a haɗu ido da ido. Mutum huɗu a talabijin ɗaya, in kuma an haɗa na'ura huɗu da waya, mutum 16 ke nan. Samari a Amurka suka riƙa cicciɓar talabijin masu ƙaton ƙeya suna kaiwa gidan aboki, a kwana ana gwabzawa a filin Blood Gulch, wani kwari mai sansani biyu a ƙarshensa. Ko a lokacin an yi musu, musamman kan 'yar ƙaramar bindigar hannu da ke kashe mutum da harsashi uku in gwani ya riƙe ta. Wasu suka ce ta yi ƙarfi da yawa. Wasu suka ce to ai kowa yana iya riƙe ta.

2004: Shigowar Ɗan Kamasho

Halo 2 ya fito ranar 9 ga Nuwamban 2004, ya kuma kawo dala miliyan 125 a kwana guda. Shi ne ya shiga intanet, kuma a nan wani ma'aikacin Bungie mai suna Max Hoberman ya kawo tsarin da kusan duk wasannin yau suka kwaikwaya.

Kafin lokacin, mai son wasa ta intanet sai ya buɗe dogon jerin ɗakunan wasa yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya cika, wancan babu kowa, wani kuma mai ɗakin ya kore ka. Kamar dai ka tsaya a bakin titi kana tare kowace mota kana tambayar ina za ta. Hoberman ya ce a yi tasha. Ka tara abokanka ku zama ayari guda, ku zaɓi layin da kuke so, na huɗu da huɗu ko na takwas da takwas, sai kwamfuta ta zama ɗan kamasho, ta nemo muku abokan karawa, ta zaɓi fili da dokoki, ta yi lodi. In an gama ayarinku bai watse ba, sai a sake wani lodin. Nufinsu shi ne a ɗauki zaman falon nan na 2001 a kai shi intanet. Har ma wanda ke zaune kusa da kai yana iya ɗaukar hannu na biyu, wato abin latsawa, ya bi ka cikin intanet a allo ɗaya a matsayin baƙonka.

Mutane da dama sun ƙi abin da farko, suna cewa don me za a hana su zaɓen fili. Amma amfaninsa ya fito: ba wanda zai maƙale a fili ɗaya da dokokin da suka dace da shi yana cin baƙi. Aka kuma sa daraja daga 1 zuwa 50, in ka ci ta hau, in an ci ka ta sauka. Wannan lamba ta sa mutane hauka. Wasu suka koma ha'inci, suna danne layin intanet ɗinsu na ɗan lokaci don abokan karawa su daskare su kuma su yi ta kisa.

A nan ne kuma jama'ar Halo ta fara rabuwa biyu. Bungie sun sa a yawancin layuka a fara da ƙaramar bindiga mai feshi, wadda ba ta kai nesa, sai ka nemo ta biyu ka riƙe hannu bibbiyu. 'Yan gasa, ƙarƙashin kamfanin MLG da aka kafa a 2002, suka ce ba su yarda ba. Suka tsara nasu dokokin: kowa ya fara da Battle Rifle, bindigar da ke kisa da harbi huɗu in saiti ya yi kyau, a kuma kashe na'urar hango motsi. Hujjarsu ita ce, wanda ya dawo bayan an kashe shi ya dawo da abin da zai kare kansa. Lura da kyau, mai karatu: ɓangarorin biyu sun saɓa kan wace bindiga, amma ba su saɓa kan cewa kowa ya samu irinta ba.

Wani abin sha'awa shi ne, yaƙin farko a doron ƙasa cikin labarin Halo 2 a Afirka aka yi shi, a wani birnin ƙage mai suna New Mombasa a gaɓar tekun Kenya, kuma ɗaya daga cikin filayen da aka fi so sunansa Zanzibar. Son wasan ya kai ga lokacin da Microsoft ya rufe Xbox Live na tsohuwar na'ura a Afrilun 2010, wasu mutum 14 sun ƙi kashe na'urorinsu, suka ci gaba da wasa dare da rana, na ƙarshensu bai fita ba sai cikin watan Mayu.

2007: Shekarar Da Hanya Ta Rabu

Halo 3 ya fito ranar 25 ga Satumban 2007, ya kawo dala miliyan 170 a Amurka a ranar farko. Ya ƙara wasu kayan aiki, kamar ƙwallon garkuwa da ake jefawa ƙasa ya zama rumfa, amma su ma a fili ake tsintarsu, ba a shigowa da su. Ɗan kamashon ya ƙara ilimi da wani lissafi mai suna TrueSkill, wanda masu binciken Microsoft a Kambrij ta Ingila suka ƙirƙiro don auna gwanintar mutum. Aka ba 'yan wasa damar kaɗa ƙuri'ar ƙin fili in ba su so. Sannan aka kawo Forge, inda kowa zai iya gyara fili, ya matsar da makamai, ya gina katanga. Da shi jama'a suka ƙirƙiro wasanninsu, irin su Grifball, wata irin ƙwallo da ake yi da guduma da takobi. Wasan fatalwa ma, wanda a Halo 2 amana ce kawai ke riƙe da shi, duk wanda aka kashe ya sauya launi da kansa ya koma cikin fatalwa, a Halo 3 ya zama doka a rubuce.

To a watan Nuwamban wannan shekarar ne wani kamfani ya fito da Call of Duty 4, da tunani na daban. A can tun kafin ka shiga fili kake zaɓen bindigarka da wasu baiwa uku. Yawan wasa yana buɗe maka sababbin makamai. In ka yi kisa a jere ba a kashe ka ba, sai a ba ka jirgi ya yi maka aiki. Kisa kuma nan take ne, wanda ya fara gani ya gama. Mutane suka so shi ƙwarai, domin ko an ci ka kana ganin wata lamba tana hawa, wani abu yana buɗewa. Cikin 'yan shekaru ya ƙwace kasuwa. Daga nan duk wanda ya riƙe Halo sai ya riƙa leƙen shagon maƙwabci.

2010 da 2012: Guzuri Ya Shigo

Halo: Reach na Satumban 2010 shi ne na ƙarshe da Bungie suka yi. A cikinsa aka fara ba mutum zaɓi kafin ya faɗo: ko sheƙa gudu, ko tashi sama da injin baya, ko ɓata, ko ka durƙusa ka kulle sulkenka babu abin da zai taɓa ka na ɗan lokaci. Masu goyon baya suka ce an samu armashi, kowa da salonsa. Masu adawa suka ce yanzu in ka hango mutum ba ka san da me ya zo ba. Mai injin baya yana tsallake hanyar da aka tsara kowa ya bi kafin ya kai wurin babban makami. Mai kulle sulke kuma ka gama cin ƙarfinsa, sai ya durƙusa ya jira abokansa.

Aka kuma kawo wata fitina a saitin bindiga. In kana harbi da sauri, da'irar saitin tana buɗewa, harsashi yana iya kaucewa. Nufin shi ne a koya wa mutane natsuwa. Abin da ya faru shi ne, mai natsuwa yana jiran da'irarsa ta tsuke, mai gaggawa yana ta dannawa, wani lokaci sa'a ta ba mai gaggawa. A 2011 kamfanin 343 Industries, wanda Microsoft ya kafa don ya gaji Halo, ya fito da gyaran da ya rage wannan buɗewa ya kuma rage ƙarfin kullen sulke. 'Yan gasa kuwa daga ƙarshe cire buɗewar da gudun suka yi gaba ɗaya daga dokokinsu.

Maimakon a ja baya, Halo 4 na Nuwamban 2012 sai ya ƙara nutsawa. Kowa ya haɗa guzurinsa: babbar bindiga, ƙarama, gurneti, da baiwa. Wasu sai ka daɗe kana wasa kafin su buɗe. Gudu ya zama na kowa. A manyan layukan wasan, in ka tara maki sai a jeho maka makami daga sama har inda kake tsaye, ka zaɓi ɗaya cikin uku. Lambar daraja ta 1 zuwa 50 ba ta cikin wasan. Da aka dawo da irinta a 2013, sai a shafinsu na intanet ake ganinta. Wasan ya sayu da farko, amma cikin watanni jama'a suka ragu ƙwarai a layukan. Mai son Call of Duty ya koma na ainihi, mai son Halo kuma bai ga Halonsa ba.

Bari in tsaya kan maganar gudu, don wanda bai buga ba zai yi mamakin a ce ana faɗa a kan gudu. A tsohon Halo tafiyarka ɗaya ce, kuma bindigarka kullum a ɗage take, kana tafe kana harbi ta kowace fuska. Da aka kawo gudu, sai ka sauke bindiga kafin ka sheƙa. Wanda aka kusa kashewa sai ya arce, mai binsa kuma in ya bi da gudu ba ya iya harbi. Masu zana fili su ma dole suka faɗaɗa filayen don su dace da gudun, ka ga ke nan ba a ƙara sauri ba, an ƙara nisa ne. Masu kare shi kuma suna da tasu hujjar: yaron da ya taso da wasannin zamani, in ya danna maɓalli bai ga gudu ba, ajiye hannun zai yi. Kuma wane irin jarumin soja ne ba ya iya gudu? Wannan musu bai mutu ba har yau.

2015: An Dawo Da Adalci, An Kori Na Kusa

Bayan tarin tsofaffin wasannin da aka fitar a 2014 da sunan The Master Chief Collection, wanda ɗan kamashonsa ya lalace aka yi makonni mutane ba sa samun lodi, sai Halo 5 ya zo a Oktoban 2015. A filin gasa sun ji kuka: kowa ya fara daidai, manyan makamai suka koma ƙasa. An bar gudu da kama katanga a hau da zillewa gefe, amma kowa yana da su, kuma in kana gudu garkuwarka ba za ta cika ba. A gefe guda suka buɗe Warzone, babban fili na mutum 24, inda makamai da motoci ke fitowa daga katunan da ake samu cikin ƙunshi. Ƙunshin kuwa ana sayensa da makin wasa ko da kuɗi na gaske, kuma ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. Wani kaso na kuɗin ne ya kai kyautar gasar duniya ta 2016 dala miliyan 2.5.

Amma babban abin da Halo 5 ya yi shi ne cire raba allo. Na'ura ɗaya, mutum ɗaya. Dalilinsu shi ne suna son hoto ya riƙa gudu sumul, hoto 60 a daƙiƙa, na'urar kuma ba za ta iya zana fili sau biyu ko huɗu a haka ba. A nan ne tarihin ya taɓa mu kai tsaye. A gidajen gem na unguwanninmu, talabijin ɗaya ce da na'ura ɗaya da benci, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na bayansa. Yawanci ma PlayStation ce da wasan ƙwallo, Xbox sai jefi-jefi wurin wanda ya samu ta hannu. Wasan da zai ce sai kowane yaro da na'urarsa da talabijin ɗinsa da intanet mara yankewa da kuɗin rajista, ga wuta sai an ta da inji, ai ya ce mana mu tashi daga benci ke nan. Ba mu kaɗai ba. A Amurka ma iyaye da 'yan uwa da ke wasa tare sun yi ca. A Fabrairun 2017 shugabar 343 ta lokacin, Bonnie Ross, ta fito a wani taro ta amsa cewa sun ɗauki darasi mai zafi, ta kuma yi alkawarin raba allo zai dawo.

2021 Zuwa Yau

Ɓangaren karawa na Halo Infinite ya fito ranar 15 ga Nuwamban 2021, daidai cika shekara 20, kuma kyauta. A cikin fili sun yi sulhu mai kyau. Kowa ya fara daidai. Gudu yana nan amma kaɗan ya fi tafiya. Kayan aiki, kamar ƙugiyar da ke fizgar mutum zuwa sama, sun koma abin tsinta a ƙasa kamar zamanin Halo 3. Raba allo ya dawo a wasan karawa a kan Xbox. Rigimar sai ta koma wajen fili. Tunda wasan kyauta ne, a launin sulke da kwalliya ake neman kuɗi, ci gaban mutum kuma aka ɗaure shi da wasu ayyuka na mako-mako, har ka ga abokin wasanka ya bar tuta yana neman kisa da wata bindiga don ya cika aikinsa. Layuka sun yi kaɗan da farko, Forge bai zo ba sai Nuwamban 2022, kuma a Satumban wannan shekarar aka soke alkawarin buga ɓangaren labari mutum biyu a allo ɗaya.

Ɗan kamashon ma ya shiga bakin mutane. Na zamani ya cika wayo, yana auna ka yana kawo maka daidai kai a kowane lodi, har a layin da ka shiga don shaƙatawa. Masu kare shi suka ce haka ne kawai sabon shiga zai tsira daga hannun gwanaye. A Nuwamban 2023 Max Hoberman ya yi dogon bayani cewa shi da gangan ya bar sarari a nasa tsarin, wani wasa ya zo maka da sauƙi, wani da wuya, wani kunnen doki, domin kullum kunnen doki gajiya ce. A Oktoban 2024 aka sauya wa 343 suna zuwa Halo Studios, a Oktoban 2025 kuma suka sanar da sabunta labarin wasan farko, har da PlayStation 5 a karon farko a tarihin Halo, amma ba tare da ɓangaren karawa ba.

Inda Na Tsaya

Mahaifina hatsi yake sayarwa a nan Ibadan, kuma abin da na tashi na gani shi ne, ana iya yin ciniki a yi ta ja-in-ja kan farashi, amma ba a ja-in-ja kan mudu, wanda Yarabawa ke kira kongo. Ranar da mai saye ya fara zargin kongonka ya bambanta da na maƙwabcinka, ya bar zuwa. Farawa daidai shi ne mudun Halo. In an ci ka, ka san abin da aka fi ka: saiti, ko sanin fili, ko haɗin kai. Duk ukun ana koyonsu a cikin filin, da hannun aro ma.

Na san abin da za a ce. Sanin lokacin fitowar roka shi ma fifiko ne, tsohon hannu zai yi ta cin sabo. Gaskiya ne, kuma shi ya sa aikin ɗan kamasho ke da muhimmanci, ya raba yaro da gwani ba tare da ya mai da kowane wasa jarrabawa ba. Amma fifikon da ke cikin kai daban yake da fifikon da ke cikin asusu. Na farko in ka zauna kusa da gwani mako biyu ka kwashe rabinsa. Na biyu kuwa a rubuce yake da sunan mai na'ura, wanda ya yi awa ɗari yana buɗe makamai ko ya sa kuɗi, kai da ka biya kuɗin wasa ɗaya ba ka da rabo a ciki. Masu buga ƙwallo a cikinmu sun san wannan, shi ya sa in musu ya yi zafi ake cewa kowa ya ɗauki ƙungiya mai ƙarfi ɗaya a gani.

Na kuma san kamfani ba don Allah yake yi ba, dole ya ci riba. Sai dai tarihin ya nuna a 2004 da 2007, lokacin da mudun yake ɗaya kuma mutum huɗu ke zama a allo ɗaya, a lokacin ne Halo ya fi kowa kasuwa a Xbox Live. Sannan a Janairun 2022 an rufe hidimar intanet ta wasannin Halo na Xbox 360, duk darajar da aka tara a layuka ta tsaya cak. Abin da bai rufu ba shi ne faifai da hannu huɗu da talabijin. Duk wanda ke da tsohuwar Xbox 360 da faifan Halo 3 a cikinmu, yau ɗin nan zai iya tara yara huɗu su buga ba tare da ko sisin data ba.

Wannan shi ne ɗan abin da na tattaro. Na san a cikin masu karatu akwai 'yan Call of Duty da ba za su yarda da ni ba, ƙofa a buɗe take, a kawo hujja. Allah Ya ba da kasuwa, Ya kuma kiyaye mu a inda muke. Sai wani jiƙon.